Ƙarshen da Na Yi wa Labarin Mma

Ina aji biyu na sakandare, ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba, aka kawo mana sabuwar malamar adabi. Ita ta nuna mana labari ma yana da gaɓoɓi kamar ɗan Adam. Akwai jigo, wato saƙon da ke ciki. Akwai tauraro, wanda al'amura ke faɗawa kansa. Sai ƙulli, inda abu ke rikicewa, sannan warwara. Da Turanci take faɗa, ni kuma in mayar da su Hausa a cikin mota daga Adabraka, inda makarantarmu take, zuwa Nima, zangon baƙi 'yan arewa da muke zaune, ina jin kaina wata shehiya. Takan bugi tebur ta ce, wanda ya ƙulla bai warware ba ya ci amanar mai sauraro.

Ta ce kowa ya rubuto labarin da ya ji a gida.

Mahaifiyata, da muke kira Mma, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Bayan la'asar matan gidanmu na haya kan zauna su taya ta tsintar wake, ana hira. Tana da labari guda da take bayarwa jefi-jefi. Wai wata mata ce ta taso daga arewa cikin ayarin fatake, goye da ɗanta. A hanya ƙyanda ta kama yaron. Da suka iso babban kogi, masu jirgi suka ƙi ɗaukarsa, madugu kuma ya ƙi jira. Ta bar shi hannun wata tsohuwa mai sayar da kifi, ta ce bayan damina za ta dawo. Ta shiga jirgi. Nan Mma take tsayawa. Matan su ce "Allah Sarki," a ci gaba da tsinta.

Shi na rubuta. Malama ta dawo mini da takarda da jan biro: ƙulli ya yi kyau, ina warwara? Sai na ƙara shafi. Na sa matar ta koma bayan shekaru, tsohuwar ta nuna mata ɗan kabari gindin tsamiya, ta ce kwana uku ya yi yana kiranta. Na fi kowa maki a ajin.

Ran nan na shigo gida ina kaɗa takarda.

"To, ga rediyo ya iso," in ji wata maƙwabciya. "Karanta mana, 'yar boko, ba mu biyan kuɗin batir."

Na tsaya na fassara musu. Da farko ana dariya, ana cewa na ƙwace wa Mma sana'a. Da na wuce inda take tsayawa sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Na ɗauka daɗi ne ya kama su, na ƙara murya har na kai kabarin.

Mma ba ta ɗago kai ba. "Wa ya gaya miki ya rasu?"

"Ba kowa, Mma. Haka labari yake buƙata."

"Labari ke buƙata," ta ce a hankali. Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Akwai wata dattijuwa, mutuniyar ƙasar Mosi, da duk gidan ke kira Kaka. Ta jawo ni bayan madafa, ta ce da irin Hausarta, "Kai yarinya, karatu ya cinye hankalinka. A zango in mace ya ce 'wani mata', ba a tambaya wane mata. Kowa a nan yana da wani mata nasa. Yaron nan ɗan Mma ne, wanka ne."

Duk gidan sun sani, har yaran da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Da safe na sami Mma wurin niƙa, na durƙusa. Na ce zan yage shafin, in sake rubutawa, yaron ya warke, ya girma, ya zama mai jirgi.

"Tashi, na yafe miki, yarinta ce," ta ce. "Amma shekara ashirin ina tsayawa bakin kogin nan don kada in ga abin da ke gaba. Kin kai ni na gani. Yage takarda ba zai makantar da ni ba."

Ranar Juma'a ba ta fita kasuwa ba. Ta soya masa kwando biyu, ta aika aka kira liman ya yi addu'ar mamaci, abin da Kaka ta ce an daɗe ana ba ta shawara tana ƙi. Ni aka ɗora wa tire in raba sadaka gida-gida, ta lungu, ina tsallake kwata. Kowace ƙofa sai an tambaye ni, "Wa ya rasu muku?" In ce, "Wana." A ce Allah ya jiƙansa, in amsa da amin.

Har yau ina sa shi cikin addu'a bayan kowace salla, kuma ban san wacce ta dace da shi ba, ta rayayyu ko ta matattu.