Farin Katako Don Raihana

Allah ne Ya ba mu, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa. Gare Shi dukanmu za mu koma. A ranar Laraba, 14 ga watan Mayu na 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa 'yata Raihana Abdul'aziz rasuwa a wani asibiti na birnin Lyon da ke ƙasar Faransa, sakamakon zazzaɓin cizon sauro da ta dawo da shi daga dazukan Gabon. Injiniyar gandun daji ce, shekarunta talatin da ɗaya.

Raihana, sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban taɓa kiranki da shi ba, Inna nake ce miki. Yau na rubuta shi ne don waɗanda ba su san ki ba.

Na daɗe ban fahimci aikinki ba. Ni da na tashi a Damagaram, inda ake sanin kowane gawo da sunan mai gonarsa, na ɗauka mai ƙaunar itace ba zai zauna da masu sare shi ba. Kika yi mini bayani cikin haƙuri cewa ke ce kike shiga daji kafin masu zarto. Ki auna kaurin kowace bishiya mai tsada, wadda ba ta isa ba a bar ta, wadda za ta ba da iri ki shafa mata fenti, kada kowa ya taɓa ta. Wadda za a kayar kuwa, sai an duba inda za ta faɗi don kada ta danne ƙananan da ke tasowa. Kika ce masu saran ma iyali gare su, kuma kina so jikokinsu su tarar da abin sara.

Na tuna wani ƙauye da kika yi ta kai da kawowa a kansa har kamfani ya amince ya bar musu manyan itatuwan moabi, waɗanda matan garin ke tatsar mai daga ƙwallayensu. Matan suka cika kwalba suka ba ki, suka ce ki kai wa wadda ta haife ki. Mahaifiyarki ba ta taɓa ganinsu ba, amma kullum tana sa su a addu'a. Na kuma tuna ranar da kika kira ni ina wurin aiki a Saint-Fons, kika ce in yi shiru in saurara. Ruwan sama ne yake sauka a kan ganye. Na tsaya a tsakanin bututun masana'anta ina ji, har layin ya yanke.

Akwai abin da ya faru bayanki da ya kamata ki sani. A ƙasar nan doka ba ta yarda a rufe mamaci da likkafani kaɗai ba, sai cikin akwati. Baffanki Alhaji Bukari, yayana, wanda ya riƙe ni ya ɗauki nauyin karatuna, ya taso daga Montreuil a ranar. Muka je wurin masu hidimar jana'iza tare. Idonsa ya faɗa kan wani akwati na jan katako mai sheƙi, ya ɗora hannu a kai.

"Abdu," ya ce, "ban ga jana'izar Inna ta farko ba, ina nan ƙasar mutane. Ka bar ni in yi wa ta biyu abin da zan iya."

Na tambayi ma'aikacin wurin daga wane daji katakon ya fito. Ya ce daga Afirka ne, iyakar saninsa ke nan. Tun da nake ban taɓa musa wa Alhaji magana ba, kuma na san ƙauna ce ta ɗora hannun nan. Duk da haka na ce:

"Yaya, ka yafe mini. Ba zan iya sa ta cikin itacen da ba a san inda aka sare shi ba. Mai yiwuwa yana cikin waɗanda ta shafa wa fenti."

Na ji tsoron na ɓata abin da ba zai gyaru ba. Can sai ya yi 'yar dariya. Ya ba ni labarin ranar da kika ziyarce shi a kantinsa, kika leƙa ƙarƙashin sabon teburin da yake alfahari da shi, kika ƙwanƙwasa, sannan kika ɗauki kwanonki kika sauka kan tabarma, don ba ki yarda da asalin katakonsa ba. Dole shi ma ya sauko, da babbar rigarsa da ciwon gwiwarsa. Ya ce tun ranar kwalaye ne ke zaune a kan teburin.

"Ta fi ta farko taurin kai," ya ce, yana share ido da hannun riga.

Shi da kansa ya nuna farin akwati mara ado, na itacen da ake shukawa ana sarewa a nan Faransa. A cikinsa muka kai ki makabartar Musulmi bayan sallar Juma'a, kuma wajen ɗaukar akwatin, Alhaji bai bar wa kowa kusurwar gaba ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Raihana, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya itatuwan da ta tsare su zama sadaka mai gudana a gare ta. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta Hajiya Sabuwa, da ƙannenta Moctar da Hafsah, da abokan aikinta na Gabon, da 'yan'uwa na Lyon da Stains da Damagaram da suka tsaya mana. Yaya Bukari kuwa, wanda a wannan karo ya zuba ƙasa da hannunsa, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya saka maka da alheri. Amin.