'Yar da Telita Ta Haifa wa Wasie

A tsibirin Poruma, in ka tambayi 'ya'yan Telita nawa, huɗu za a ce maka. Ita ma huɗu za ta ce, ba tare da ta ɗago kai daga aikinta ba. A rumfar sanyi take aiki, can bakin teku, inda masu nutso ke kawo manyan jatan landen da suka kamo. Ita ke wankewa, ta ware masu rai daga matattu, ta jera a kwali. Hannayenta duk tabon ƙayarsu ne. Mijinta Pedro yana cikin masu nutson, kuma shi ne mai surutun gidan. Ita kam tun tana ƙarama ba ta da magana, har kakarsu kan ce ranar rabon baki Wasie ce ta karɓi nata ta haɗa da na ƙanwarta.

Wasie ce yayarta. Ita ke ba da waƙa a coci, ita ke raba faɗa, wani lokaci ita ke haɗa shi. Ta daɗe da aure, ta yi ciki sau uku, babu wanda ya zauna. Da Telita ta samu ciki na biyar, wata Lahadi bayan an taso daga coci, ana cin kifi da dankali cikin madarar kwakwa, sai ta ce da yayarta, wadda take kira Sisi, idonta a kan kwanonta, "Sisi, wannan naki ne."

Wasie ta buɗe baki, magana ta ƙi fitowa.

Pedro ya ce, "Jama'a ku shaida, yau rediyon Poruma ya mutu."

"Rufe mini baki, mai kunnuwa kamar filafilin kwale-kwale," in ji Wasie, hawaye na zuba cikin miyarta.

Ba wa ɗan'uwa kyautar ɗa ba baƙon abu ba ne a tsibirin. Uwarsu ma a hannun gwaggonta ta tashi. Abin da aka bayar an bayar, ba a sake tada zancen; wadda ta haifa ta koma inna, 'yar'uwar uwa kawai, ta ja baya ta ba sabuwar uwa wuri. Telita ta san haka, don haka ta fara ja da baya tun ɗan yana ciki. In ya motsa ba ta dafa cikin. Sai dai ta ce, "Sisi, ɗanki ya hana ni sakat."

Cikin bai cika wata shida ba ruwa ya fashe mata, tana tsaye gaban kwali. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta, wani jirgin ya ƙarasa da ita babban asibiti a birnin Townsville, ita kaɗai, don babu wurin ɗan rakiya kuma Pedro na can tsakiyar teku. Mace ta haifa. Ta ji wani ɗan sauti kamar na kyanwa, ta juya fuskarta ga bango, aka wuce da jaririyar aka sa a kwalbar renon bakwaini.

Da rana ta yi likita ta zo, wata dattijuwa mai furfura, ta ja kujera ta zauna. Ta ce jijiyoyin kan bakwaini irin wannan sirara ne kamar zaren gizo, a kwanakin farko sukan fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da ake sa musu ta jijiya tun abin bai faru ba, yana kuma rage wannan hatsarin. Sai dai yana rage jinin da ke zuwa ƙoda da hanji. Fitsari kan ragu, wasu kuma hanjinsu kan huje.

"Ba zan ɓoye miki ba," in ji likita, "ba mu da tabbacin waɗanda aka ba sun fi sauran lafiya in sun girma. Wasu likitoci suna bayarwa, wasu ba sa bayarwa. Shi ya sa nake tambayarki. In za a ba ta, to yau ne."

"Yanzu tana da ciwon kan?"

"Ba ta da shi. Mai yiwuwa ma ba za ta taɓa yi ba."

"Amma maganin zai iya ba ta wani ciwon."

"Zai iya."

Telita ta ce, "To a tambayi uwarta."

Likita ta dube ta, ta ɗauka gajiyar haihuwa ce ta juya mata kai. A hankali ta ce, "Ke ce uwarta."

Telita ba ta iya dogon bayani ba. Ta nemi waya, ta kira gida. Wasie ta ɗauka tun bugun farko, bayanta hayaniyar yaran Telita huɗu da aka kwaso mata. Telita ta maimaita abin da likita ta ce, kalma bayan kalma, kamar mai isar da saƙo.

"Ni zan zaɓa?" in ji Wasie. "Ni da ko ɗan tsako na riƙa sai ya mutu?"

"Taki ce, Sisi."

"Ai ba ki miƙo mini ita ba tukuna. Lita, sau uku ina gaya wa Allah abin da nake so, sau uku yana ce mini a'a. Bakina ba shi da sa'a a kan jarirai. Ke kika saba haifar masu rai. Ki zaɓa mini, don Allah." Ta ja hanci, ta yi ƙoƙarin dawo da muryarta ta kullum. "Da wa take kama? Kar ki ce mini ta ɗauko kunnuwan Pedro."

"Ban duba ba."



"To je ki duba," in ji Wasie.

Aka tura ta a keke zuwa ɗakin kwalabe. Yarinyar ba ta fi tafin hannun Pedro ba, fatarta ja, mai sheƙi, idanunta a liƙe. Ƙirjinta na hawa da sauka da ƙarfin inji. Wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe 'yar tagar kwalbar ta ce, "Kar ki shafa, fatar ba ta yi ƙwari ba. Ɗora hannun kawai." Telita ta ɗora. Kan gaba ɗaya ya shige cikin tafinta, da ɗumi, kuma ƙarƙashin yatsunta ta ji wani abu na bugawa a maɗiga. Ta tuna zaren gizon da likita ta faɗa. Ta daɗe a haka. Babu uwa kusa, babu miji, babu dattijon coci da zai ce ga abin da aka saba yi, don ba a taɓa yin irin wannan ba a danginsu.

Ta ce, "A ba ta."

Hoton kai na farko ya fito lafiya, na biyu ma haka. Amma kafin mako ya zagayo cikin yarinyar ya kumbura, ya yi duhu. Hanji ya huje. Aka shiga da ita tiyata, Telita na zaune a baranda tana kallon motocin da ba ta san kowa a cikinsu ba. Da aka fito da ita da rai, ta tare likita.

"Maganin ne ya yi?"

"Zai iya zama shi. Yana kuma faruwa ga waɗanda ba a ba su ba."

"Kan nata fa? Shi ya tsare shi?"

"Wannan ma ban sani ba. Babu mai iya gaya miki."

Da wannan amsar ta zauna wata huɗu. Ɗaki aka ba ta a masaukin masu jinya, gado ɗaya da taga mai kallon bango. Kullum da safe ta shiga bas, ta tatsi nono da inji, a ɗura wa yarinyar ta siririyar roba. Da ta ɗan yi ƙwari sai aka riƙa kwantar mata da ita a ƙirji, fata da fata, aka ce hakan magani ne. Pedro ya zo sau ɗaya, ya tsaya gaban kwalbar, a karon farko a rayuwarsa ya rasa abin barkwanci, ya koma teku. Wasie ba ta zo ba. Ta ce yara, ta ce tsohuwarsu ba lafiya, kuma duk gaskiya ne. Suna kawai ta aiko: Petharie. Telita ba ta cika kiran sunan ba. Takan dai yi mata waƙar coci can ƙasan maƙoshi, ita da ba a taɓa jin ta yi waƙa ba a Poruma.

Ranar da suka dawo an yi gashin rami, an gasa kunkurun teku, mata sun sa furanni a ka. A gaban kowa Telita ta miƙa yarinyar, Wasie ta karɓa da hannu biyu. Da suka shiga ɗaki canza mata kaya, Wasie ta ga tabon da ya ratsa ɗan cikin.

"Wayyo Allah. Wannan fa?"

"Na zaɓa miki," in ji Telita.

Wasie ta sunkuya ta sumbaci tabon. Ba su sake maganar ba.

Saboda hanjin, likita ta ce kar a ba ta komai sai nonon uwa har ta yi ƙarfi. Don haka kowace safiya, kafin ta wuce rumfar sanyi, Telita kan tatsa ta cika kwalba, ta bi ta gidan Wasie, ta ajiye a kan matakala. Ba ta shiga. In yarinyar na kuka a ciki, takan ji ƙirjinta ya cika ya yi nauyi, ta ƙara sauri.

Wata safiya ta tarar da Wasie a ƙofa, fuska cike da murna, Petharie a kafaɗa tana tsotsar yatsa.

"Lita, albishirinki! Jiya ta cinye rabin ayaba, ko amai ba ta yi ba. Malamar asibiti ta ce ta warke sarai, madarar gwangwani ma za ta iya sha. Kin huta, ba sai kin ƙara kawowa ba." Ta kama ɗan hannun yarinyar tana kaɗawa. "Ce wa Inna sannu da aiki."

Telita ta ce, "Madalla."

Ta miƙa kwalbar da ke hannunta, da sauran ɗuminta, ta wuce bakin teku. Kwale-kwalen farko ya riga ya iso.