Rabin Kofin Kunu

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, amma ban manta ranar da na kusa kashe ɗiyar mutane da tuwon shinkafa ba. A rubuta haka, kada a gyara min.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina dafa abinci a kicin ɗin wani asibiti a Birnin Kebbi. Ƙa'idar aikin ita ce likita ya rubuta abin da mara lafiya zai ci. Ni da ban san bihim ba, Sista Rahila mai kula da ɗakin mata ke faɗa min da baki.

Aka kawo Balkisu daga Badariya, 'yar shekara sha biyar, ta suma a makaranta. Ta daɗe tana ƙin abinci don tsoron ƙiba, tana fakewa da azumin nafila, 'yan gida suna ta yabon ibadarta. Sista ta ce rabin kofin kunu da madara, lokaci-lokaci. Na ce a raina wannan rowar gwamnati ce.

Na sa maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa, ya sawo min giwan ruwa daga Argungu. Na yi tuwo da miyar kifi, na ɓoye kwanon a mayafi. Ƙamshi ya tona ni a bakin gado.

Sista ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora yatsuna a wuyan hannun yarinyar. Sanyi ƙalau, jijiyar tana bugawa kamar mai neman izini. Ta ce zuciya ma tsoka ce, ta rame tare da mai ita. In aka danƙara mata abinci lokaci guda, tana iya tsayawa.

"Inna, wutar da ta kusa mutuwa, gungume kike jibga mata?"

Na ce a'a, da ƙirare ake farawa.

Malam ne ya cinye tuwon. Har ya bar duniya yana tambayata yaushe za a sake kama ni. Balkisu kuwa ta yi makonni tana kuka a kan cokali kafin a sallame ta.

Ku da kuka gaji tukwanena, tausayi ma yana da awo. Ku tambaya kafin ku zuba.

Bara da Malam ya rasu, abinci ya ƙi wuce min maƙogwaro. Har yanzu kuka nake. Rana ta huɗu da rasuwarsa Balkisu ta zo gaisuwa da goyonta, ta miƙo min rabin kofin kunu.

"Da ƙirare ake farawa, Inna."

Na sha.