Sa'a Mai Sallahu da Katunan Matan Ƙofa

Duk wanda ya sake ce mani na'ura ba ta kuskure, ku turo mani shi garinmu Ƙofa in murɗe mashi kunne. Ni na ga ranar da ɗan guntun roba mai faɗin tafin jariri ya kusa shafe sunan da mace ta yi shekara talatin da 'yan kai tana ginawa.

Sa'a maƙwabciyata ce. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma katangar ta gaji da raba mu ta zube tun damina uku da suka wuce. Mijinta Manu ya rasu shekarar da aka yanke Katsina daga Kaduna, ya bar mata 'ya'ya huɗu da gonar da ko jaki ya kwanta a ciki sai ƙafarsa ta shiga ta maƙwabci. Ba ta zauna kuka ba. Ta lura matan aure ba sa zuwa kasuwa, mazan kuma in ka aike su barkono sai su dawo da labarin siyasa. Sai ta kama sana'ar sallahu: duk ranar kasuwar Kankiya ta bi gida-gida ta karɓi saƙo, ta je ta sayo, ta dawo ta raba. Ladanta ɗan abin da ya sawwaƙa, wani lokaci ma gwangwanin gero.

Sa'a ba ta san boko ba, ba ta kuma taɓa riƙe alƙalami ba. Mayafinta ne littafinta. Kowace mace da ƙullinta a gefen mayafin, har ya koma kamar carbi. Ta san na wace ne a kusurwar dama, na wace ne a tsakiya, wace ke son manja, wace ke son allura. Tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ce ko daddawa ɗaya ta ɓata a hannunta ba. Ni da nake da baki kamar reza, da ta ɓata da kun ji.

Sai katin cirar kuɗi ya iso mana. Wasu samari masu rataye da jakunkuna suka zauna ƙofar gidan mai unguwa kwana biyu, suna ɗaukar hoto da dangwalen yatsa, wai a buɗe mana asusu don 'ya'yanmu da ke kudu su riƙa turo kuɗi kai tsaye. Katunan duk kala ɗaya, sunan mai shi da ƙananan baƙaƙen boko waɗanda ba mai karanta su a cikinmu. Da aka zo kan lambar sirri, samarin suka dube mu suka ga tsofaffi, suka ce kada mu wahalar da su da mantuwa, suka sa mana lamba ɗaya mu duka. Lambar sirri, wai! Sirrin da akuyar mai unguwa ma ta haddace.

To wa zai je Kankiya ya ciro? Sa'a mana. Ita kuwa ta ɗauki katin kamar yadda ta ɗauki ƙulli: kowace mace ta naɗe nata da ƙyallen tsohon zanenta. Sa'a ta san zanen kowa a garin nan fiye da yadda mazajensu suka sani. Da ta ga mai ganyen kuka ta san nawa ne, da ta ga mai tsuntsu ta san na Haulatu ne. Ta ƙware har ta fi masu takalmin boko. Ta san rumfar da ake miƙa kati a auna maka shinkafa, ta san mai POS ɗin da ba ya cika caji, ta san lokacin da sabis ke ɗaukewa. Lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya, mazan garin nan suna rantse-rantse a layi, mu tukunyarmu ba ta huce ba, albarkacin Sa'a.

Abin da ya ɓata lamarin anko ne. An yi bikin ɗiyar mai unguwa, mata suka ɗinka atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen fitila. Haulatu ta ga ƙyallen katinta ya tsufa, ta canza da ragowar anko. Basira matar Sada ita ma haka, ba wadda ta san da ta ɗaya. Ranar kasuwa Haulatu ta ce a ciro mata ɗan kuɗin cefane kawai, sauran kuɗin sayen taki ne da ɗanta Zainul Abidin ya turo daga Fatakwal, kada a taɓa. Basira kuwa ta ce a ciro mai yawa a sayo mata tunkiya. Da hannunta ta jefa katin cikin jakar Sa'a, lokacin Sa'a na ɗaure kaya.

Sai a gaban teburin Jaji mai POS Sa'a ta zazzage jaka ta ga fitila biyu suna kallonta. Ta yi abin da mai hankali zai yi. Ta miƙa ɗaya ta ce, "Jaji ɗana, kai da ka yi makaranta, duba mani, wannan na Basira ne?"

Jaji na da layi har bakin kwalta, waya a kunne, yana faɗa da wani kan sabis. Ko kallon katin bai yi ba. "Shi ne, Iya, kawo, kawo! Nawa za a cire?"

Ya danna lambar Ƙofa, wadda ya sani kamar sunansa. Na'ura ta karɓa, don me za ta ƙi? Kuɗin tunkiya suka fita daga asusun Haulatu, na cefane daga na Basira. Sa'a ta sayo tunkiya, ta dawo ta miƙa wa kowace katin 'yar'uwarta, zuciyarta wasai.

Wayar Basira tana hannun Sada, Sada yana ci-rani, ba wanda ya ji komai ta can. Amma saƙon asusun Haulatu wayar Zainul Abidin yake shiga. Ya kira uwarsa ya tambaye ta nawa aka kawo mata. Ta faɗa. Maimakon ya ce a tambayi Sa'a, sai ɗan nan ya naɗi murya ya turo wa abokansa a waya: wai waccan tsohuwar ta daɗe tana yankar kuɗin mata, yau Allah ya tona ta, ta cinye takin uwarsa. Aka kunna a teburin mai shayi, sau uku, maza na kurɓa suna girgiza kai.

Waccan tsohuwar! Zainul Abidin, wanda ƙyanda ta kama yana shekara biyu, Sa'a ta goya shi ta taka har bakin titi ta kai shi asibitin Kankiya, uwarsa na biye tana kuka. Ni nake mashi wasan jika ina ce mashi angona. Ranar na sake shi, saki uku, ban ko nemi shaida ba.

Abin da ya fi ƙona mani rai matan ne. Washegari uku daga cikin masu barin kati a hannun Sa'a suka aiko a ba su katinsu, wai za su "duba wani abu". Sa'a ta miƙa masu. Na leƙa ta inda katanga ta zube na same ta zaune, mayafin a cinya, tana shafa gefensa.

Na ce, "Ke Sa'a, tashi mu je wurin mai unguwa. In ke kin iya haƙuri, ni ban iya ba."

A zauren Mai unguwa Dikko aka tara mu, aka kira Zainul Abidin aka ajiye wayar a kan tabarma kowa na ji. Haulatu ta kwance ƙyallenta ta ɗaga katin sama. "Ranka ya daɗe, ga shi, nawa ne. Ni cefane na ce, ban ce a kwashe taki ba."

Dikko ya sa tabarau ya juya katin, ya kai shi kusa da hanci. "Haulatu, yaushe kika koma Basira?"

"Mi ka ce, ranka ya daɗe?"

"Sunan Basira Sada ne a nan."

Aka aika gidan Sada. Basira ta iso da nata katin cikin fitila shuɗiya, aka kwance, ga sunan Haulatu ɓaro-ɓaro. Tunkiyar ma ta biyo ta har ƙofar zaure tana kuka, kamar ta zo ba da shaida.

Na matsa kusa da wayar na ce, "Angona na da, kana ji? Ga takinka nan yana cin harawa."

Aka yi dariya, ban da Sa'a. Dikko ya ce a kai katin Basira a ciro a mayar wa Haulatu, magana ta ƙare. Zainul Abidin ya yi ƙasa da murya. "Iya Sa'a, ki yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne. Ki ba ni lambar asusunki in turo maki ɗan goro."

Sa'a ta ce, "Ba ni da asusu, ɗana. Na wasu nake ɗauka. Kuma ba goro ka ɗauke mani ba. Inda ka ajiye waccan maganar, can za ka je ka ɗauke ta, da muryarka."

Kwana biyu yana noƙewa kafin ya turo. Sa'a, wadda ba ta taɓa tsayawa teburin mai shayi ba, ta je ta tsaya, ni ina bayanta riƙe da ƙugu. Aka kunna, ya ce ya yi mata ƙazafi, ba ta ci ko sisi ba. Mai shayi zai kashe, ta ce, "Waccan sau nawa kuka ji?" Aka kunna sau uku. Masu girgiza kai ran nan duk suka sami abin kallo a ƙasan kofinsu.

Sai dai ku sani, saƙon farko har garin Kusada ya kai, na biyun kuwa ko bayan gari bai fita ba. Mutanenmu ba sa tura wankewa, ba ta da daɗin ji. Jaji kuma da na tare shi a kasuwa cewa ya yi shi bai tuna ba, layi ya yi yawa. Na ce Allah ya ƙara mashi layi, ya rage mashi sabis.

Da yammar ranar Sa'a ta bi gida-gida, ta mayar wa kowace mace katinta cikin ƙyallenta. Har ni! Na ce, "Ke, ni mi na yi maki? Ni da na saki miji saboda ke?" Ta ce, "Kayan da ban iya gane mai shi da idona ba, na daina ɗauka." Yanzu da wannan gwiwar tawa nake hawa acaɓa in je in tsaya gaban Jaji. Na sa an canza mani lamba, na kuma manta ta sau biyu, kada ku faɗa wa kowa.

Sallahu kuwa ba ta fasa ba. Ranar kasuwar da ta wuce ina shara na hango Haulatu ta shigo mata da sassafe, tana 'yan kame-kame, da ƙyalle sabo a hannu, ja wur, wanda ba mai irinsa a garin.

"Yaya Sa'a, na ce ko za ki taimaka, wannan ba ya kama da na kowa."

Sa'a ta gaishe ta da kyau, ta tambayi Zainul Abidin da aiki. Sannan ta kamo kusurwar mayafinta ta miƙa mata.

"In kuɗi ne, Haulatu, ga wurin ƙullinki nan, ban ba kowa ba. In kati ne, mota na bakin titi, ki yi sauri kada ta cika."