Faki Tela da Ƙwayar Ludon Kombo

Faki Mwinyimvua tela ne a unguwar Ngamiani ta birnin Tanga. A kan keken ɗinki ya tsufa, kuma ba ya yanka yadi sai ya auna sau biyu. Da ido ya yi rauni, ya koma zaman gindin mangwaro bayan la'asar, inda dattawa ke shan gahawa suna buga ludo. Abokin wasansa Kombo ne, tsohon direban babbar mota. Tun suna makarantar allo suke tare.

Wata shekara Kombo ya dawo daga Mombasa da sabuwar ƙwayar ludo, ya kuwa shiga cin wasa ba ƙaƙƙautawa. Zuciyar Faki ta ƙi kwanciya. Ya ari ƙwayar, ya kai ta gida, ya yi ta jefawa a faifai. Cikin jifa kaɗan shida ta fito a kai a kai. Nan ya tsaya, don ya ga abin da yake son gani.

Washegari ya miƙe a gaban dattawa.

"Kombo, ka ji tsoron Allah! An yi wa ƙwayar nan nauyi a gefe. Na gwada da hannuna."

Kombo ya ajiye kofinsa. "Ni kake kira macuci, Faki? Da furfurata?"

Mzee Hamadi, wato dattijo Hamadi, babbansu, ya ce, "To gwada mana a nan, mu ma ai da idanunmu."

Faki ya jefa, biyu. Ya sake, ɗaya. Ya yi ta jifa har gahawa ta huce, shida ba ta leƙo ba sai jefi-jefi.

Wani ya ce, "Tela, ko ƙwayar ma kunyarka take ji?"

Aka kwashe da dariya. Kombo bai yi ba. Ya sa takalmansa ya tafi, ya bar ƙwayar a kan tabarma, kuma bai ƙara zuwa ba.

Faki ya koma gida da ita, yana fatan ta wanke shi. Makonni yana jefawa. Wata rana shida ta yi yawa, ransa ya yi fari, washegari huɗu ta wuce ta. Da jifa ta taru, sai fuskoki shidan suka kusan zama kunnen doki. Ya gane ɗan gwajinsa na farko ba ya shaidar komai.

Wata ranar Juma'a ya sayi alewar kwakwa, ya je gidan Kombo, ya yi sallama kansa a ƙasa.

"Kombo, ƙwayarka ba ta da laifi. Ni na yi gaggawa. Ka yafe mini."

"Ba komai, Malam Faki, ya wuce."

Tun suna yara Kombo bai taɓa ce masa Malam ba sai yau. Ya karɓi alewar ya yi godiya. Ya shiga ciki ya ɗauko kujerar da ake ba baƙi, ya goge ta, ya ajiye masa. Faki ya zauna a bakin-bakinta, suka yi ta maganar tsadar kifi har aka kira magariba.