Ranar da Na Mintsini 'Yata

A makarantar koyon aikin jinya a Kano muna da wani malami dattijo mai son Latin kamar a can aka binne cibiyarsa. Darasinsa ƙarfe biyu na rana ne, bayan mun cika ciki da shinkafa da wake, kuma don neman magana, barci yake koya mana. Sai ya zana matakala a allo tana gangarawa ƙasa. Ta farko languor, kasala ke nan, jiki a mace amma ido biyu. Ta biyu somnolentia: mutum na barci, amma in ka kira sunansa zai amsa. Ta uku sopor: kira ba ya isa, sai an mintsine shi. Ta huɗu ba ya rubuta sunanta, sai dai ya ɗora alli a wurin ya tsura mana ido. Mu kuwa rabinmu mun riga mun sauka ta biyu a kan benci. Na ci jarrabawa, na watsar da kalmomin.

Bayan shekaru na biyo maigidana Kuala Lumpur, yana digiri na uku a fannin injiniya, muna zaune a unguwar Taman Melati, hawa na tara. 'Yarmu shekararta shida, kuma kullum faɗanmu ɗaya ne: in yi mata Hausa, ta mayar mini da Malay. "Zo ki ci abinci." "Tak nak." Wai ba ta so. Wallahi har cikin raina nake jin kalmar nan. Nakan ce, "Ke, ki ce a'a kamar 'yar mutane!"

Sai zazzaɓi ya kama ta. Ni da na daɗe ina aiki a ɗakin yara na asibiti, na ce maleriya ce, me kuma? A akwatina akwai maganinta da na taho da shi daga gida, kusa da kuka da daddawa. Maigidana ya ce mu je asibiti. Na ce, "Malam, kai ka san injuna, ni na san yara. Bar ni da ita." Kwana uku ina ba ta. Ran na huɗu da safe na taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Har waya na buga masa a makaranta ina yi masa gori.

Na ɗora miya. Ƙarfe goma tana barci, na ce gajiya ce. Sha biyu tana barci. Na idar da sallar azahar na leƙa, yadda na bar ta haka take, hannu ɗaya ya zubo daga katifa. Ta yi ɗan amai a kan matashi, ko gusawa ba ta yi ba. Sai na tuna takardar gargaɗin da ke manne a jikin lif ɗinmu, mai hoton sauro da ɗigon fari a ƙafafu, wadda nake wucewa kullum ina cewa sauron ƙasar nan ai wasa ne. Denggi, cutar da sauron nan ke kawowa. Ita ba ta tafiya kamar maleriya, ranar da zafi ya sauka ita ce ranar tsoro. Na taɓa karanta haka a littafi. Ni ce na manta.

Matakalar malam ta dawo mini tas, har da ƙurar allin. Na durƙusa na kira sunanta. Shiru. Na sake kira da ƙarfi. Shiru. Yatsunta sanyi kamar an ciro su daga firij. Na ce innalillahi, ya Allah kar a ce ta ukun ma mun wuce. Na kama fatar kafaɗarta na mintsina, irin mintsinin da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ta yamutsa fuska, ta yi ɗan nishi, ta koma. Sopor. Saura taki ɗaya.

Na goya ta da zani, ƙafafunta na dukan gwiwoyina. Lif ɗin nan ya tsaya a kowane hawa kamar da gayya. A tasi ban daina mintsininta ba, direba na kallona ta madubi, ban damu ba.

A asibiti likita, wata mace ce 'yar Malay, ta tambaye ni yaushe zafin ya sauka, me kuma na ba ta. Na ajiye kwalin maganin a kan tebur. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya tana ba da umarnin ƙarin ruwa. Maigidana ya iso yana haki. Bai ce ai na faɗa miki ba. Da ma ya faɗa, da na ɗan ji sauƙi.

Kwana biyu ina zaune a gefen gado, bini-bini in kira sunanta, ina lissafin matakala. Wani lokaci ta motsa ido, wani lokaci sai na taɓa ta.

Ran na uku da hantsi na kai cokalin kunu bakinta, na ce, "Daure ki sha, 'yar albarka."

Idonta a rufe, ta kawar da kai. "Tak nak."

Kunun ya zube a zanina. Na ce, "Me kika ce? Sake faɗa."

Ta buɗe ido ɗaya, cike da haushi. "Tak nak lah, Mama."

Na kifa kaina a kan katifa na yi kuka sosai. Shatin yatsuna ya fi mako guda a kafaɗarta.