Gwangwanin Baya na Illo

A ƙauyenmu na yankin Buza, da an gama tuwon dare sai mu kewaye murhun Kaka, mu jikoki da yawanmu ya isa a buɗe mana lakwal, wato makarantar boko. Ni ne mai bakin tsiya, ni ne kuma sarkin tsoro. Ko akuya ta yi atishawa, sai an ciro ni daga zanen Kaka.

"Matso, mijina ragon maza," in ji ta. "Ga tatsuniya nan ta iso. Marar zuciya shi tahi shi kwanta."

Wai an yi wani Illo, mai noman albasa a fadama. Da sanda yake ɗebo ruwa, ya saɓa ta a kafaɗa, gwangwani gaba, gwangwani baya. Yana da 'yar ɗiya guda. In za shi rijiya sai ya sa ta a gwangwanin baya, ya ɗan ja kafaɗarsa wajenta don sandar ta daidaita. Zazzaɓin damina ya ɗauke yarinyar.

Bayan zaman makoki ya saɓa sandarsa, gwangwanaye ba komai, sai baya ya rinjaya. Ya leƙa, wayam. Ya ja kafaɗa baya, sanda ta tsaya daidai, ya wuce bai gaya wa kowa ba. Baɗi sai da ya ƙara ja. Baɗin baɗaɗa haka.

Nan Kaka kan tura kara cikin wuta.

"Mi a ciki, Kaka?"

"Abin da ke girma, ɗan nema."

Bayan Illo ya tanƙware, albasa na bushewa don ruwan da yake iya kaiwa ya ragu. 'Yan'uwa suka ce a kira malam ya kori abin, ya ƙi. Wata safiya kafaɗarsa ta kai ƙarshen sanda, babu sauran wurin ja. Ya tsaya a bakin rijiya ya ce, "Ɗiyata, kin yi girma. Sauka ki taka." Sanda ta yi sama har ta kusa cire masa kunne. Da ya juya gida, sai ga sawun budurwa yana fitowa a kan danshi, kusa da nasa.

Daren nan a kan tabarma na yi fitsarin da ya isa ban ruwan fadamar Illo duka.

Da na shiga kolej a Madawa, mushe, wato malaminmu na kimiyyar fizik, ya ɗora katako a kan ƙusa, ya rataya dutse a gefe guda, ƙarfe mai kilo ɗaya a ɗaya gefen, yana matsar da su har katakon ya kwanta daidai. Ya ce nauyi sau nisa na nan daidai yake da nauyi sau nisa na can, don haka za ka san nauyin abu ba ka taɓa shi ba. 'Yan aji suka yi ta lissafi, ni kuwa sai sandar Illo ta faɗo mini a rai. Na kai wa Kaka labari, har na ce a ba ni tsawon sandar in faɗi kilon yarinyar.

"Kai da mushenka ku auna," in ji ta. "Illo bai taɓa tambaya ba."

Yau ga ni da furfura da tumbin da ke riga ni shiga masallaci, na kuma binne nawa ɗan. In na hangi mutum a kasuwa yana tafe a karkace, hannu ba kaya, ba na yi masa ba'a. Hanyar mutum biyu nake ba shi.